Fulkarin Hannu Ko Na Inji: Abin Da Ido Ke Ganowa Da Abin Da Sai An Kai Ɗakin Gwaji

Ƙanwar mahaifiyata tana haɗa wa ɗanta lefe, sai ta baje mini mayafai biyu a kan tabarma. Duka jajaye ne, duka cike da aikin zare ruwan zinare da kore da shuɗi. Mai shagon ya tabbatar mata dukansu fulkari ne daga Punjab, yankin da ya ratsa Indiya da Pakistan, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan nesa ba kusa ba. Ta ce, "Kai da ka san kan yadi, wanne zan ɗauka?" Na ce, "Inna, bari mu fara duba bayansu." Na kifa su duka biyun, domin a wannan sana'a fuska ba ta faɗin gaskiya kamar baya.

Fulkari a harshen Punjabi na nufin aikin fure. Asalinsa ba kayan kasuwa ba ne. Mata ke yinsa a gida don aurar da 'ya'yansu, wani ma kaka ke fara shi tun jikarta tana ƙarama. Yadin da ake yi a kansa shi ne khaddar, auduga ce da aka kaɗa da hannu aka saƙa da hannu, mai ɗan kauri, wadda ake iya ƙirga zarenta da ido. Masaƙar ba ta da faɗi, don haka sai a haɗa ƙyalle biyu ko uku kafin a sami mayafi guda, kamar dai yadda ake harhaɗa saƙin gargajiyarmu. Zaren adon kuma sunansa pat, alharini ne da ba a murɗa ba, mai laushi da sheƙi, wanda a da ake kawowa daga Kashmir da Bengal da Afghanistan. Mai aikin tana zama da bayan yadin a gabanta, ba zane ba alama, tana ƙirga zare tana soka allura, adon yana fitowa a fuskar da ba ta kallo. Idan aikin ya rufe yadin gaba ɗaya har ba a ganin jan ƙasan, sai a kira shi bagh, wato lambu.

Abin da ake sayarwa yau da wannan suna kala uku ne, kuma kowanne da irin gwajin da ya dace da shi. Akwai tsohon aiki na khaddar da pat, galibinsa daga kafin raba Indiya da Pakistan a 1947, ko ƙalilan da ake yi yanzu bisa tsohuwar hanya. Akwai aikin hannu na zamani, wanda ya fi yawa a Patiala, wani birni a Punjab ta Indiya, musamman unguwar Tripuri inda iyalan da suka yi hijira daga Bahawalpur suka zauna da sana'ar. A wannan ana buga zanen a fuskar yadi da hatimin katako, sannan mace ta bi shi da allura ta gaba, kuma yadin ya kan zama shifon ko jojet ko auduga marar nauyi, zaren kuma biskos, wanda ake sarrafawa a kamfani daga ɓargon itace, ko foliyesta, wato zaren roba. Na ukun shi ne na inji, wanda kwamfuta ke sarrafawa, ya fitar da mayafai da yawa iri ɗaya a yini guda. Babu wanda ya zama laifi a cikinsu. Laifin shi ne a sayar maka da na ukun a kuɗin na farkon.

Bayan yadi ne ke raba su. A tsohon aiki, kusan dukan alharinin yana fuska, domin yana da tsada ba a barnatar da shi. Abin da za ka gani a baya 'yan ɗige-ɗige ne a jere, inda allura ta ɗauki zare ɗaya ko biyu na khaddar ta koma. A aikin hannu na zamani za ka ga zaren launin ya fi fitowa a baya, da wuraren da aka ƙulla ko aka tsallaka daga fure zuwa fure, sau da yawa kuma akwai ragowar shuɗin hatimi a gefen ado inda allura ba ta rufe ba. Na inji kuwa yana da zaren ƙasa, siriri, fari ko launi ɗaya tal, yana bin bayan kowane fure ko da wane launi ne a sama. Duk telan da ya taɓa zama a kan keken ɗinki zai gane shi nan take. Wani lokaci har da guntayen farar takardar da ake shimfiɗawa a ƙasa don yadin ya tsaya. Sannan ka haɗa fure biyu da ke nesa da juna ka kwatanta. Idan ko tsawon ɗinki ɗaya bai bambanta ba, inji ne. Hannu yana gajiya, yana sauya ƙarfi tsakanin safe da yamma.

Akwai wani abu da sabon mai saye ke ɗauka aibi ne alhali shaida ce. A tsohon bagh za ka tarar da wani ɗan lungu da aka sa masa launi na daban, ko aka bar shi bai cika ba. Da gangan ake yi don kauce wa kambun baka, suna kiransa nazar buti. Kada dai ka mai da shi hujja shi kaɗai, domin wanda ya san ana neman wannan alamar yana iya sa inji ya yi ta. Akwai kuma nau'in da ake kira chope, kyautar kakar amarya ta wajen uwa, wanda ake yi da wani ɗinki daban da ke fitowa iri ɗaya gaba da baya. Shi dokar ɗige-ɗigen baya ba ta hau kansa ba.

Sai zare. A nan ne aka fi cutar mutane, domin biskos yana sheƙi har ya fi alharini ɗaukar ido, kuma a kasuwannin Indiya ana kiransa da sunan da ke da kalmar siliki a ciki. Ka zaro ɗan silin zare daga baya, ka riƙe shi da hantsaki, ka kusantar da ashana. Alharini yana ƙonewa a hankali, yana warin gashi idan ya babbake, ya mutu da kansa da zarar an janye wuta, ya bar baƙin dunƙule da ke murƙushewa tsakanin yatsu. Biskos yana ci bal-bal kamar takarda, warinsa ma na takarda ne, tokarsa kaɗan ce mai laushi. Foliyesta yana narkewa ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri da ba ya fashewa. Idan ba ka son wuta, jefa silin a ɗan ruwan bilic mai ƙarfi: alharini na gaske zai narke ya ɓace, biskos da foliyesta sai dai launi ya sauya, zaren yana nan. Ka gwada kowane launi daban, domin ana haɗa alharini a wani launi da biskos a wani.

Wanne ya fi a cikinsu? Ya danganta da abin da za a yi da mayafin. Pat ba shi da na biyu wajen kyau. Da yake ba a murɗa shi ba, kuma ana jera ɗinkin wani a tsaye, wani a kwance, wani a karkace, launi ɗaya sai ya riƙa bayyana kamar uku idan haske ya sauya. Na daɗe ina kallon wani tsohon bagh ruwan zinare ina jujjuya shi kafin na yarda cewa zare ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Amma wannan rashin murɗi shi ne rauninsa: zobe ko agogo ko ƙugiyar jaka na iya fizgo shi, kuma guga da jiki na sa shi tashi kamar gashi. Biskos yana rasa ƙarfi sosai idan ya jiƙe, shi ya sa mayafin da aka cuɗa da ƙarfi a wanki ke fitowa a tsattsinke. Foliyesta ya fi su duka jure wanki da rana, sai dai sheƙinsa ɗaya ne ta ko'ina, babu wannan wasan haske.

Maganar zuba ita ce ta fi damun mata, kuma da gaskiyarsu. Jan mayafi a kan farar shadda, ga zafin rana, ga gumi a wuya, kowa ya san yadda ake ƙarewa. A gida ana iya gwadawa kamar yadda ɗakin gwaji ke yi, sai dai ba da ma'auni ba. Ka sami farin ƙyallen auduga, ka naɗe a yatsa, ka goga a kan yadin sau goma gaba da baya a bushe, sannan ka jiƙa wani ka sake. Ka yi wa yadin ƙasa daban, zaren ado daban. A ɗakin gwaji na'ura ce ke wannan gugar da nauyi ƙayyadadde, bisa ƙa'idar gwaji ta ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 105-X12, sannan a kwatanta tabon da wani ma'auni mai mataki 1 zuwa 5, inda 5 ke nufin babu tabo ko kaɗan. Manyan masu saye sukan nemi 4 a busasshiyar guga, su ɗan sassauta a jiƙaƙƙiya, domin ja mai duhu da baƙi a kan auduga da wuya su ci 4 a jiƙe. Akwai gwajin wanki, ISO 105-C06, da na gumi, ISO 105-E04, da na koɗewa a rana, ISO 105-B02, wanda shi ma'auninsa 1 zuwa 8 ne. Ga ƙasa mai rana irin tamu, na gumi da na rana ne na fi dubawa idan an nuna mini takarda, kuma su ne aka fi mantawa a nema.

A fulkari zuba ta fi muni fiye da a atamfa, saboda launuka masu haske suna zaune kai tsaye a kan yadi mai duhu. Idan jan ƙasan ya saki, farin zare da ruwan ɗorawa su ne za su sha shi, kuma babu sabulun da zai mayar da su. Don haka gwajin da na fi so shi ne a ɗiga ruwa a wani lungu inda farin zare ya haɗu da ja, a danna da farin ƙyalle na ɗan lokaci, a bar shi ya bushe, a duba ko farin ya yi ja-ja.

Har zuwa nan ido da hannu da ashana sun wadatar. Daga nan kuma ba su da sauran amfani, kuma wannan ne abin da na fi so mai saye ya riƙe. Zuba daban, guba daban. Rawanin da aka rina da baba aka buga a Kura yana barin shuɗi a goshi, masu sa shi ma so suke ya bari, ba kuma wanda ya ce cuta ce. A ɗaya ɓangaren, rini na iya kama yadi gam, ko ɗigo ba ya saki a wanki, amma yana cikin jerin waɗanda aka haramta. Mafi yawan rinin zamani daga dangin sinadaran da ake kira azo suke, kuma akasarinsu ba su da matsala. Kaɗan daga ciki ne ke iya wargajewa idan sun daɗe a kan fata, su saki sinadarai irin su benzidin, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon dajin mafitsara. Jamus ce ta fara hana su a kayan sawa a 1994. Indiya ta haramta rini 70 na wannan dangi a 1997. Tarayyar Turai ta kafa dokarta a 2002, ta lissafa sinadarai 22 da ba a yarda su wuce miligiram 30 a kilo ɗaya na yadi ba. Ba su da wari, ba su da wani launi na musamman da za ka ce ga shi. Sai an yanki yadin an kai ɗakin gwaji, an bi hanyar ISO 14362.

A nan aikin hannu ba shi da wata kariya da na inji ya rasa. Matar da ke ɗinki a ƙauyen Patiala ba ita ta rina zaren ba, ɗan kwangila ne ya kawo mata da yadin da zaren, shi ma saya ya yi. Hasali ma babban kamfanin da ke fitar da kaya Turai ya fi yiwuwa ya riƙe takardar gwajin zarensa fiye da ƙaramin marini na gefen kasuwa. Tsufa ma ba shaida ba ce. An fi rina tsohon khaddar da saiwar itace mai ba da ja ko da baba, amma rinin kamfani ya shiga Punjab tun ƙarni na 19, har Flora Annie Steel, wadda ta yi rubutu kan fulkari a 1888, ta koka da yadda sababbin launuka da aikin kasuwa ke ɓata sana'ar. Ina faɗin wannan ne a matsayin mai son aikin hannu har zuciya. Ƙaunarsa ba za ta sa in ce da uwa ta lulluɓe jariri da shi ba tare da an san abin da ke cikin rininsa ba.

Sinadari na biyu shi ne fomaldihaid, wanda ake sawa don yadi ya ƙi yamutsewa ko don rini ya kama. Idan ya yi yawa, ana jin wari mai yaji a hanci da ido lokacin buɗe leda, kuma yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a wuya. Iyakar da aka saba bi ga kayan da ke taɓa fata ita ce miligiram 75 a kilo, na jarirai kuwa a ƙa'idar OEKO-TEX, mai ba da shaidar gwajin sinadarai a yadi, dole ya gaza 16. Sauƙinsa shi ne wanki yana rage shi sosai, abin da ba zai yi wa haramtaccen azo ba. Tsohon kaya kuma yana zuwa da nasa: an daɗe ana ajiye shi da kafur don asu, kuma farin kafur na naftalin yana iya jawo shawara mai tsanani ga wasu jarirai. A shanya shi a inuwa kwanaki har warin ya fita, kuma a nisanta shi da ɗakin mai jego.

Wuta ita ce haɗarin da ba a cika kawowa a ciniki ba. Siririn yadi na biskos yana kamawa cikin ƙiftawar ido. A 1994 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa aka janye siket-siket na shifon ɗin biskos da aka shigo da su daga Indiya saboda saurin cin wutarsu. Foliyesta ba ya saurin kamawa haka, amma yana narkewa ya manne a fata. Khaddar mai kauri ya fi jinkiri, ko da yake shi ma auduga ce, tana ci. Mayafi dogo mai lilo a gaban murhu ko gas, ko kusa da kaskon turaren wuta a ɗakin amarya, ba abin wasa ba ne, kuma cikin ukun shifon ɗin biskos ne na fi tsoro.

To takardu da tambura fa? Kowanne abu ɗaya yake shaida, kada a ɗora masa abin da bai ce ba. Fulkari yana cikin rajistar kayan da Indiya ke dangantawa da yankinsu na asali, kuma rajistar ta shafi jihohin Punjab da Haryana da Rajasthan. Wannan magana ce ta asali da sana'a, ba ta ce an auna sinadari ba. Ba ta kuma shafi ɓangaren Pakistan ba, alhali yawancin bagh mafi ƙwarewa na da daga yammacin Punjab da Hazara suka fito, yankunan da ke cikin Pakistan a yau, saboda haka rashin wannan tambarin a kayan Pakistan ba ya nufin jabu ne. Silk Mark, wanda aka soma a 2004, yana shaida cewa alharinin na gaske ne. Handloom Mark na 2006 yana shaida cewa a masaƙar hannu aka saƙa yadin, bai ce komai kan wanda ya yi adon ba, inji na iya yin ado a kan saƙin hannu. OEKO-TEX Standard 100, wanda ya faro a 1992, shi ne ke magana kan sinadarai, kuma yana ɗauke da lamba da za ka iya dubawa a shafinsu na intanet ka ga ko tana aiki har yanzu da kuma irin kayan da ta ƙunsa. Tambarin da babu lamba a jikinsa hoto ne kawai.

Ga ɗan kasuwar da zai yi sari ya kawo Kantin Kwari ko Maraɗi, shawarata ba ta da kwana-kwana: ya biya kuɗin gwaji kafin a ɗaure kaya. Hukumar Textiles Committee ta gwamnatin Indiya tana da ɗakunan gwaji, har da na Ludhiana a cikin Punjab ɗin, ga kuma kamfanoni irin su SGS da Intertek. Ya tabbatar ɗakin yana da shaidar NABL, hukumar da ke tantance ɗakunan gwaji, idan a Indiya ne. Ya yanko samfurin da hannunsa daga cikin kayan da za a loda masa, kada ya karɓi wanda aka ware masa a gefe. Gwajin azo launi-launi ake yi, kuɗinsa yana hawa da yawan launuka, don haka idan aljihu bai kai ba a fara da yadin ƙasa, tunda shi ke kwanciya a fata, sannan ja da baƙi da ruwan goro na zare. Idan mai sayarwa ya kawo tsohuwar takarda, a duba kwanan wata, da launin da aka rubuta, da irin yadin. Takardar koren jojet ta bara ba ta wanke jan shifon na bana.

Mai sayen guda ɗaya ba za ta iya wannan ba, yankan samfurin kaɗai zai ɓata mayafin. Ita zaɓinta ya dogara ga inda za ta sa shi. Na yau da kullum, zuwa aiki ko unguwa, wanda zai sha gumi da wanki, na inji da zaren foliyesta a kan auduga ya fi dacewa, musamman daga mai sayarwar da zai iya nuna lambar gwaji. Ba abin kunya ba ne, muddin an saya a kuɗinsa. Na biki, wanda za a sa sau kaɗan a shekara a kan wasu kaya, aikin hannu na Patiala ya cancanci ƙarin kuɗin, kuma ta nan ne kuɗi ke isa hannun matan da suka riƙe sana'ar, idan an saya daga ƙungiyoyinsu ko wanda ke hulɗa da su kai tsaye. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: zaren biskos ne, ba ya son cuɗa, sai wankin ruwan sanyi a hankali da shanya a inuwa. Tsohon bagh na pat kuwa ba na sawa ba ne kullum. Kayan ajiya ne, a naɗe shi cikin farin ƙyallen auduga, ba a leda ba, nesa da rana da damshi, kada kuma a tsoma shi a ruwa.

Mayafan Inna, mai tsadar ya fito aikin hannu ne a kan jojet, ga ragowar shuɗin hatimi a gefen furanni, amma silin da muka ƙona ya yi warin takarda, ba alharinin da aka ce mata ba ne. Mai arahar na inji ne, zaren ƙasa fari fat a bayansa, kuma ko a jiƙe bai bar komai a farin ƙyalle ba. Mai tsadar ya bar ɗan ja. Ta koma shagon da silin da tokarsa a takarda, aka rage mata kuɗin na hannun zuwa na biskos, ta sa shi a akwatin kayan fita. Na injin ta wanke shi sau biyu kafin ya shiga akwatin na yau da kullum, ta kuma ce a gaya wa amarya kada ta shiga kicin da ko ɗaya daga cikinsu.